Litinin Da Ta Ƙi Wucewa

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Wadda ta ce na cika jan rai, na ga saƙonki, kuma ban musa ba. Amma in kina cin abinci, ki ajiye cokalin tukuna.

*

Minti goma kacal Hafiza ta yi a biron direkta, wato ofishinsa. Da ta turo ƙofar situdiyon rediyon, sai ta tarar da Sulaiman zaune a kan kujerar Yayanta Na Allah, kujerar da wata goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya zauna a kai tun da aka binne mai ita. Ba ta tashe shi ba. Baƙo ne, daga Tasawa aka turo shi ya sauya musu na'ura, ina zai san kujera tana da mai ita?

Sabuwar ordinatar, wato kwamfutar, na gefe, rabinta a cikin kwali, sai sheƙi take yi. Tsohuwar kuwa na nan inda take tun shekara tara, tana gurnaninta irin na tsohon da aka tasa daga barci.

"Madam Hafiza, zo ki gani," in ji Sulaiman, bai ko waiwayo ba. "Wanga abu ya isa ya sa mutum furfura."

"Mi ya hwaru kuma?"

"Lojisiyal ɗin nan, manhajar da kuke sa shirye-shirye da ita, na gwada shi a sabon sistem har sau ukku. Ya ƙi zama. Sun ce ba su san juna ba."

"Ai tun wancan satin ka hwaɗi haka."

"Bon. Sai na ce to mu kwashe muryoyin da ke ciki mu kai sabuwa. Nan ma babu hanya. Ya naɗe su cikin wani irin fishiye, wato fayil, nashi na kanshi, ba abin da ke buɗe shi sai shi."

Hafiza ta jingina da bango. Duk wannan ta sani, shi ya sa mako uku tana yi masa hanya-hanya. Yau ta ce makullin situdiyo ya ɓata, gobe ta ce batirin sola bai cika ba. Sai da direkta ya kira ta yanzu ya ce maganar wasa ta ƙare, yau Alhamis za a tashi daga tsohuwar na'ura, don sauran rediyoyin yankin duk sun koma sabon tsari, su kaɗai ake jira.

"Akwai dai hanya guda," Sulaiman ya ci gaba. "Waɗanda suka yi lojisiyal ɗin suna da shafi a intanet da ke juya fishiye ɗin. Amma sai daga kan wagga tsohuwar za a buɗe shi. Na buɗe nabigatar ɗinta, abin shiga intanet ɗin, ya ƙi shiga ko'ina. Na kawo sabon nabigatar a kile, ɗan filashin nan, tsohon sistem ya ce ya yi mishi girma. Ni dai yau na ga ta kaina."

"To a bari mana sai wani satin."

Sai yanzu ya juyo ya dube ta. Ba fushi a fuskarsa, tambaya ce kawai.

"Madam Hafiza, yau wace rana?"

"Alhamis."

"Wane wata?"

"Satumba."

"To mi ya sa na'urar nan ta ce Litinin, tara ga Oktoban bara?"

Fanka na juyawa a sama, amma zufa ta keto mata.

"Na zaci batirin agogonta ne ya mutu," ya ce. "Na duba, lahiyarshi lau. Wani ne ke maida kwanan wata baya da hannunshi. Kullum da sahe. Na gani a rubuce, ƙarhe shidda da minti biyar, ƙarhe shidda da minti goma, ba fashi, har ranar Salla. Wa ke buɗe situdiyo da sahe?"

"Ni ce."

"Don mi?"

"Ba ruwanka, Malam Sulaiman. Aikin da anka turo ka shi za ka yi."

"Ai aikin ne ya kawo ni nan."

Hafiza mace ce mai baki, duk wanda ke jin shirinta na mata ya san haka. Ta taɓa sa wani ɗan kasuwa ya kashe wayarsa ana tsakiyar hira. Amma yau bakin ya ƙi ta. Ta ja kujerar roba ta zauna, ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

"Ka san Na Allah?"

"Na ji sunanshi. Mai gaisuwar rana. Allah ya jiƙanshi."

"Amin. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar nan da ka gani, ita ce rana ta ƙarshe da ya zamna inda kake zamne."

Sulaiman ya ɗan ɗaga jikinsa daga kujerar, ya rasa yadda zai yi, ya koma ya zauna a bakin-bakinta.

"Da sahe ya naɗi gaisuwarshi ta sha biyu da rabi," ta ce, "da marece ya hau mota zuwa Maradi, wai ɗan aiki za a yi mishi a ciki, kwana biyar ya dawo. Ran Alhamis gawarshi ta dawo."

"Innalillahi."

"Innarmu tana Gidan Amumune. Dama mantuwa ta fara kama ta. Da anka yi rasuwar sai abin ya tahi gaba ɗaya. An yi zaman makoki a gabanta, ta yi kuka, ta amshi gaisuwa. Bayan kwana ukku ta tashi da sahe ta ce, wai wancan na rediyo bai aiko ba?"

"Wancan?"

"Ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunanshi. Mahmudu ne sunan yanka, amma tun da ta haife shi ba a taɓa jin shi a bakinta ba. Ko Na Allah ɗin ba ta cewa. Wancan, ko mai rediyo, shi ke nan. In ya zo gida ta kau da kai, sai ya hita ta bi bayanshi da ido."

Sulaiman ya gyaɗa kai. Shi ma ya san irin wannan kunyar, kowa a ƙasar nan ya san ta.

"Iya Zara'u, ƙanwarta da ke kula da ita, ta ce mata ai ya rasu. Ta faɗi ta suma, kamar ranar farko. Bayan kwana biyu ta sake tambaya. Anka sake gaya mata. Ta sake suma. Sau huɗu, Malam Sulaiman. Sau huɗu muna kashe mata ɗa."

Muryarta ta karye a nan.

"Ta daina cin abinci. Ko hura ba ta wucewa. Ni kuma na san halin na'urar nan, shi ya koya mani. Ba ta da wuri da yawa, sai ya saita ta, duk abin da ranarshi ta wuce da kwana sha huɗu ta share shi. Ran Lahadi na zo na duba, saura kwana guda gaisuwarshi ta tahi. Sai na maida kwanan wata baya. Sha biyu da rabi na yi, ya hito."

"Ya ce mi?"

Ba ta yi niyyar kwaikwayonsa ba, amma sai maganar ta fito da irin jan muryarsa.

"Jama'ar Mayahi da kewaye, Na Allah ne naku. Yau Litinin. Ina gaida tsohuwa ta Gidan Amumune. Rana ta yi, Inna, a ci abinci."

Tsigar jikin Sulaiman ta tashi, ta ga ya shafa hannunsa.

"Iya Zara'u ta kira ni tana kuka, ta ce Inna ta cinye tuwo har tana neman ƙari. Tun daga ranar ban bari Litinin ɗin nan ta wuce ba. Mutanen gari sun saba, gaisuwar marigayi suke ce mata. Wasu suna kashe rediyo in lokacin ya yi, sun ce tsoro take ba su. Direkta ya zaci wani fishiye ne nake dannawa. A gidanmu kuwa kullum Litinin ce."

"Ba ki naɗe ta a waya ba?"

"Na naɗa. Na sa a antan, ta hita a rediyo, sau guda da wuta ta ɗauke na'urar. Inna ta ce wanga ba shi ba ne, muryar ta yi nisa, kamar daga cikin rijiya. Kwana biyu ba ta ci komai ba."

Ta share idonta da bakin mayafi, ta ɗago. Ta ji wani sauƙi-sauƙi, don wannan ne karon farko da ta faɗi maganar da bakinta daga farko har ƙarshe.

"To ka ji. Ka yi duk abin da za ka yi, ka sa sabon sistem, ka sa sabon nabigatar, ka sa abin da ya fi su. Amma don girman Allah kar ka taɓa kwanan watan nan sai ka cire mani muryarshi lahiya."

Sulaiman ya dubi allon na'urar.

"Ka ji ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Malam Sulaiman?"

"Madam Hafiza... na riga na gyara."

"Ka gyara mi?"

"Da kika tahi wurin direkta. Nabigatar ɗin ya ce agogo ba daidai ba, shi ya sa yake ƙin buɗe shafi. Wallahi ban sani ba. Abu ne da nake yi kullum, ko tunani ban yi ba."

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Kujerar roba ta kife a bayanta. Ta ture hannunsa daga kan linzamin na'urar, ta duba kusurwar allon. Alhamis, sha biyu ga Satumba. Wata goma sha ɗaya da ta riƙe da hannu biyu sun zube cikin minti goma.

"Maida! Maida shi baya!"

"Na maida ma ba zai..."

"Na ce ka maida!"

Ya maida. Litinin, tara ga Oktoba. Ta buɗe lojisiyal ɗin, yatsunta na kuskure wurin dannawa. Wani ɗan akwatin rubutu na zaune a tsakiyar allon, da Faransanci, cikin ladabi kamar ya yi abin kirki. An share abubuwa ɗari biyu da goma sha huɗu da lokacinsu ya wuce.

Ta buɗe Litinin. Fari fat. Layin sha biyu da rabi, inda sunansa yake zama kullum, babu komai.

"A'a," ta ce a hankali. "A'a, Yaya."

"Bari in duba kwandon shara na na'urar."

"Ba ya zuwa can. Ya gaya mani. In ya share, ya share."

Ta dubi agogon bango. Sha biyu da minti ashirin da huɗu. A daidai wannan lokacin ta san Iya Zara'u ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin itacen bedi, ta ajiye kwanon tuwo a rufe, ta ja eriyar ƙaramin rediyon. Inna ta gyara ɗankwali, ta kau da kai gefe kamar ba shi take jira ba.

Hafiza ta ji ta tsani mutumin nan da sabuwar na'urarsa da kwalinta. Ta kuma san bai yi laifin komai ba, wannan ne ya fi ƙona mata rai.

"Tsaya," in ji Sulaiman. "Saura ɗaya."

"Ɗaya mi?"

"Dubi ƙasa. Ya ce abu guda yana jira, ba a taɓa sa shi a antan ba. Shi ya sa bai share shi ba."

Ya danna. Layi guda ya fito da jan rubutu. An naɗe shi ranar tara ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma. An saita shi ya fita Litinin ashirin da uku ga wata, sha biyu da rabi. Ranar da Hafiza ba ta taɓa bari ta zo ba.

Sunan da aka ba shi kalma huɗu ne. In ban dawo ba.

Ta dafa kujerar Yayanta, ta zauna a kai ba tare da ta lura ba, don Sulaiman ya riga ya miƙe.

"Ba ki san da shi ba?"

"Ban taɓa duba gaba ba. Baya nake komawa kullum."

"Da na gyara kwanan wata, ya ga lokacinshi ya wuce, ya ɗauko shi ya sa a layin yau. Maidawar da munka yi ba ta cire shi ba. Sha biyu da rabi zai hita."

"Mu saurara tukuna, mu kaɗai."

"Ina tsoro. In ya ɗauka an riga an sa shi, zai iya sharewa nan take. Ban san halin lojisiyal ɗin nan ba, Madam, ya girme aikina. Sau guda muke da shi, ko a nan ko a antan."

Sha biyu da minti ashirin da bakwai.

"Ina da igiyar da zan jona in naɗe shi da kyau," ya ce. "Tana cikin jakata, a kan moto. Ki riƙe shi, kar ki bari ya hita sai na dawo."

Ya fita a guje. Ta ji ƙarar takalminsa a tsakar gidan rediyon, sannan ta ji yana tambayar wanda ya matsar masa da babur ɗin.

Hafiza ta rage ita kaɗai, ita da gurnanin tsohuwar na'ura. Waƙar noma da ke kan antan tana gab da ƙarewa. Hannunta na kan maɓallin sauti. In ta ja shi ƙasa, Gidan Amumune zai ji shiru, kwanon tuwo ya koma madafa a rufe, yau da gobe da jibi. In ta bar shi a sama, ba ta san abin da matacce zai gaya wa uwarsa ba.

Ta tuna ranar. Ƙarfe huɗu ya kore ta daga situdiyo, ya ce ta je ta sayo masa ƙosai, shi da likita ya hana cin mai. Ta yi ta mita a hanya. Da ta dawo ta ga idonsa ya yi ja, ya ce fanka ce.

Sha biyu da rabi.

Ba ta ja maɓallin ba.

Da farko numfashi ne kawai. Sai kujera ta yi ƙara a cikin lasifika, irin ƙarar da wadda take zaune a kai take yi. Hafiza ta ƙame.

"Jama'ar Mayahi da kewaye, Na Allah ne naku."

Ya yi ɗan tari.

"Yau ba gaisuwa ba ce. In na dawo daga Maradi zan goge wannan, ba mai jin shi, in ci gaba da damunku. In kuwa kuna ji na yanzu, to Allah ya yi ikonshi. Wanda na ɓata wa, ya yahe mani."

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Hafiza, na san kina nan kusa da na'ura kina kuka. Bari. Aikin da za a yi mani babba ne, na ɓoye maku. Kuma na san halinki, ba ki iya sakin abu. Kar ki riƙe ni, ƙanwata. Wagga na'ura ta tsufa, in an kawo sabuwa ki amsa."

Ƙofa ta buɗe. Sulaiman ya tsaya a bakinta da igiya a hannu, yana haki. Bai ƙaraso ba. Ya cire hularsa.

"Sai tsohuwa ta Gidan Amumune."

Shiru ya ɗan yi tsawo, har ta zaci ya ƙare.

"Inna, ni ne Mahmudu. Na san ba ki faɗin sunan, ban taɓa jin haushi ba. Ina ganinki in na juya baya. Shekara talatin da takwas ina so in ce maki na gode, kunya ta hana mu, ni da ke. To yau ba ni ganin idonki, na faɗa. Na gode, Inna. Na riga ki tahiya, ki yi haƙuri. Rana ta yi. Ko ba ni, a ci abinci."

Numfashi. Ƙarar kujera. Ɗif.

A kan allo jan layin ya yi fari, ya ɓace. Ɗan akwatin ya sake fitowa. An share abu ɗaya.

Antan ya zauna shiru, ba waƙa ba magana, kuma ba wanda ya motsa ya sa wani abu. Can cikin unguwa wata mata ta rafka salati. Hafiza na zaune tana kallon farin allo, hawaye na sauka a kan hannunta. Ta kashe wa Inna ɗa a karo na biyar, wannan karon da hannunta, a gaban duk ƙasar Mayahi.

Wayarta ta fara ruri a kan tebur. Iya Zara'u.

Ta bari ta katse. Ta sake shigowa.

"Ki ɗauka," in ji Sulaiman a hankali.

Ta ɗauka.

"Iya... ta suma?"

"Ba ta suma ba." Iya Zara'u ta rage murya. "Hafiza, ni tsoro nake ji. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo kwanon da kanta, ta ci loma ukku, ta wanke hannu. Yanzu ta ɗauko mayahinta na hita, ta ce in kira ki. Ga ta."

Aka yi ƴar kokawa da wayar. Sai numfashin tsohuwa.

"Hafiza."

"Na'am, Inna."

"Yau wace rana?"

Hafiza ta dubi allon da har yanzu yake cewa Litinin. Ta dubi Sulaiman. Ta runtse ido.

"Alhamis ce, Inna."

"Alhamis," tsohuwar ta maimaita, kamar mai ɗanɗana kalmar. "To, ki zo yanzu. Ki kai ni wurin Mahmudu."